Wayar da ake sayayya da ita ce yara ke wasa da ita: yadda za ku tsare asusunku ku kuma sa ido kan 'ya'yanku

A yawancin gidajenmu waya ɗaya ce ke aikin komai. Da ita Umma ke yin odar kaya a Jumia ko Temu, cikinta alat ɗin banki ke shigowa, kuma ita ake miƙa wa ƙaramin yaro ya kalli katun idan ya hana mutane sakat. Saboda haka duk wanda ya ɗauki tsaron asusun sayayya daban, sa ido kan yara daban, ya raba abin da ba ya rabuwa. Lambar sirrin da banki ya turo don tabbatar da biyan kuɗi tana iya faɗowa a daidai lokacin da wayar ke hannun ɗan shekara 9, kuma mai damfarar da ya kira ba ya tambayar shekarun wanda ya ɗaga. Abin da ke tafe aiki ne na yammaci ɗaya, sai ɗan bibiya daga baya. Ku ɗauko wayar da biro da takarda, mu bi shi daki-daki.

Da farko, ku san abin da ke cikin wayar

Ku rubuta duk manhajar da kuɗi ke iya fita ta cikinta. Akwai na sayayya irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Najeriya tun 2012, da AliExpress da Temu. Akwai na banki, da irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Akwai kuma wadda aka fi mantawa da ita, wato Play Store ko App Store, idan kun taɓa saka kati a ciki. A gaban kowace ku rubuta abu biyu: da wane imel aka buɗe ta, da wane layi aka haɗa ta.

A nan ne mutane da yawa ke gano cewa ba su san kalmar sirrin imel ɗinsu ba. Ranar da aka sayi wayar a Farm Centre ko wata kasuwar waya, yaron shago ne ya buɗe imel ɗin cikin gaggawa, ya saka lambar wayar mai ita a matsayin kalmar sirri, aka wuce. Wasu kuma za su tarar da asusunsu na haɗe da tsohon layin da suka daina amfani da shi. Wannan na biyun yana da haɗari sosai, domin layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, kuma duk saƙon tabbatarwa zai riƙa zuwa wa baƙo.

Sai ku ɗaure imel da layi, domin su ne tushe

Imel kamar makullin zaure yake: wanda ya riƙe shi zai iya isa kowane ɗaki. Duk wanda ya shiga imel ɗinku zai je Jumia ya ce ya manta kalmar sirri, a turo masa sabuwa, ya shige ba tare da ya fasa komai ba. Don haka daga nan ake farawa, ba daga manhajar sayayya ba.

Idan Gmail ne, ku buɗe myaccount.google.com, ku shiga sashen da aka rubuta "Security". Ku canza kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba ta da alaƙa da sunan ɗanku ko shekarar haihuwarku ko lambar wayarku. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, haɗe da lamba, sun fi gajeriyar kalma mai tarkacen alamomi ƙarfi, kuma sun fi sauƙin tunawa. Kada ku maimaita ta a wani wuri. Dalili kuwa shi ne, idan aka sace bayanan wani ƙaramin shafi da kuka taɓa yin rajista, ɓarayin kan ɗauki imel da kalmar sirrin su gwada su a manyan shafuka ɗaya bayan ɗaya. Shafin haveibeenpwned.com, wanda wani masanin tsaro ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya kafa a 2013, yana nuna muku kyauta ko imel ɗinku na cikin bayanan da aka taɓa sacewa.

A wannan sashen dai ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko an san kalmar sirrin sai an nemi wata lamba ta biyu. Google zai ba ku lambobin ko-ta-kwana guda 10. Ku kwafe su a takarda ku adana inda kuke ajiye takardun gida, ba a cikin hotunan waya ba. Sannan ku duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu. Idan kun ga tsohuwar wayar da kuka sayar ko kuka ba ƙanenku, ko wata da ba ku sani ba, ku fitar da ita nan take.

Layi kuma ku saka masa tasa lambar sirri. Tana cikin saitin tsaro na waya, wurin kulle katin layi. Amfaninta shi ne idan aka fizge wayar aka cire layin aka saka a wata, ba zai yi aiki ba, kuma ba za a iya danna lambobin banki da shi ba. Ku yi hattara wajen saitawa: kuskure sau uku yana kulle layin, sai da lambar PUK mai lamba 8 da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. In ba ku da katin, ku fara neman lambar a wurin kamfanin kafin ku taɓa wannan saitin.

Abu na ƙarshe a nan ƙarami ne amma yana toshe babbar ƙofa. Ku saita wayar ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa alhali tana kulle. In ba haka ba, lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turowa don amfani sau ɗaya, za ta bayyana a fuskar waya, kowa ya karanta ba tare da ya buɗe ba.

Idan saƙon gargaɗi ya shigo

Wannan shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai. Kamfanoni na gaskiya suna turo gargaɗi: an shiga asusunku daga sabuwar na'ura, an canza kalmar sirri, an ƙara sabon adireshi, an yi oda. 'Yan damfara sun san haka, shi ya sa suke kwaikwayon saƙon har da tambari da launi. A ganina ɓata lokaci ne mutum ya zauna yana nazarin saƙon don ya gane na gaske ne ko na bogi, domin na bogin yanzu sun ƙware, kuma zamanin da ake gane su da gurɓataccen Turanci yana wucewa. Hanya mafi aminci ita ce kada ku amsa saƙon ta cikin saƙon. Kada ku danna mahaɗin da ke ciki, kada ku kira lambar da ke ƙasa. Ku rufe shi, ku buɗe manhajar da hannunku, ku duba. Idan an ce an yi oda, za ku gan ta a jerin odarku. Idan an ce an shiga imel ɗinku, za ku gani a sashen tsaro na Google, tare da irin na'urar da lokacin. Idan babu komai a can, saƙon ƙarya ne, ku goge shi.

Duk da haka yana da kyau ido ya saba da alamomi. Saƙon damfara kusan kullum yana da gaggawa: za a rufe asusunku cikin awa 24, an dakatar da BVN ɗinku, kayanku sun maƙale sai kun biya wani kuɗi yau. Adireshin shafin kuma ana karanta shi ne daga ƙarshe, wato ƙarshen sunan kafin alamar / da ke biye da shi. Na Jumia a Najeriya jumia.com.ng ne, na Konga kuma konga.com. Idan kun ga sunan kamfanin a farko amma wata kalma daban ce ke manne da ƙarshen adireshin, shafin na mai wannan kalmar ne. Irin waɗannan sun fi yawa a watan Nuwamba lokacin rangwamen Black Friday da kuma gab da Sallah, su ne ake yaɗawa a gurup-gurup na WhatsApp ana cewa a tura wa mutum 20 a ci kyautar waya.

Sai kira. Mai kiran zai yi magana cikin ladabi, wani lokaci da Hausa tsantsa: "Ranka ya daɗe, daga hedikwatar banki nake kira, mun ga ana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunka, karanto min lambar da muka turo yanzu mu tsayar." Yana iya faɗin cikakken sunanka da ranar haihuwarka, kuma hakan ba shaida ba ce, domin irin waɗannan bayanai suna yawo a hannun mutane. Babu banki ko kamfanin sayayya da ke neman OTP ko lambar sirrin kati ko lambobi uku na bayan kati ta waya. Lambar da aka turo muku ita ce sa hannunku a kan cire kuɗin da shi mai kiran ya fara. Haka nan ba a biyan kuɗin oda zuwa asusun wani mutum don an kira an ce a yi haka. Ana biya ne a cikin manhajar, ko a hannu bayan kaya sun iso inda ake da wannan tsarin.

To idan kun duba kun tarar gargaɗin na gaske ne fa? Ku bi wannan jeren, kuma jeren yana da muhimmanci. Ku fara canza kalmar sirrin imel, sannan ta asusun sayayyar, domin in kun fara da ta biyun alhali ɓarawo na cikin imel, zai sake canzawa. Ku fitar da duk na'urorin da ke ciki. Ku duba ko an sauya lambar waya ko imel na dawo da asusu ko adireshin kai kaya. Ku cire katin da aka adana, ku soke odar da ba ku sani ba tun ba a tura ta ba.

Kafin ku yanke cewa ɓarawo ne daga waje, ku tambayi mutanen gida cikin natsuwa. Sau da yawa "sabuwar na'urar" da aka ce ta shiga, wayar ɗanku ce da kuka taɓa saka masa imel ɗinku don ya sauke manhaja.

Ku raba kuɗi da wasa

Yara da matasa suna buga Free Fire da PUBG da wasannin ƙwallo, kuma waɗannan wasannin kyauta ake sauke su amma a ciki ake sayar da lu'ulu'u da kaya da 'yan wasa. An tsara su ne yadda sayen zai zo da sauƙi, danna biyu an gama. Yaro ɗan shekara 8 bai ɗauki abin da ya danna a matsayin kuɗin cefane ba, shi dai ya ga maɓalli mai kyalli. Kuma idan an riga an adana kati, da yawa daga cikin shafukan ƙasashen waje suna cire kuɗi ba tare da sake neman OTP ba.

A Play Store ku taɓa hoton asusunku, ku nemo saitin tabbatar da saye, ku zaɓi a riƙa neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye. A iPhone wannan na cikin "Screen Time", kuma akwai tsarin "Ask to Buy" da ke turo wa uba ko uwa buƙata kafin a sayi komai a asusun yaro. Amma ku duba wani abu: idan kun taɓa saka yatsan yaro a wayar don ya riƙa buɗewa da kansa, wannan yatsan zai iya amincewa da saye, zai iya buɗe manhajar banki ma idan kun saita ta da yatsa. Ku goge shi.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce kada katin asusun albashi ko na jarin kasuwanci ya taɓa shiga shafin sayayya. Ku ware wani asusu daban, ku riƙa zuba masa daidai kuɗin abin da za ku saya a lokacin da za ku saya. Idan aka samu matsala, abin da ke ciki kaɗai zai tafi. Manhajojin banki da yawa suna ba da damar kashe biyan kuɗi ta intanet a kan kati da kuma rage iyakar abin da zai fita a rana. Ku yi amfani da su. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, suna da makullin manhaja a cikin saiti. Ku kulle manhajar banki da ta sayayya da ta saƙonni da imel, da lambar da ta bambanta da ta buɗe waya.

Katin waya ma yana zurarewa ta wannan hanyar. Yaro na danna talla, sai a yi wa layin rajistar wani abu da ke cin kuɗi kullum. Lambar *305# tana nuna irin waɗannan ta kuma ba da damar soke su, sannan tura kalmar STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. Idan kamfanin layi ya ƙi saurarenku, hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa na da lambar ƙorafi ta kyauta, 622.

Yaron da ke aron waya, da yaron da ke da tasa

Idan aro yake yi, akwai saiti a Android da ke kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, ana kiransa "App pinning", yana cikin sashen tsaro. Kun buɗe masa katun, kun kafe, ba zai iya fita zuwa wani wuri ba sai da lambar buɗe waya. A iPhone sunansa "Guided Access". Ga ƙananan yara ku sauke YouTube Kids maimakon babban YouTube, ku zaɓi rukunin shekarunsa, ku kashe bincike idan bai kai makaranta ba. Tacewar ba cikakkiya ba ce, wani abin yakan kutso, don haka ya fi kyau ya kalla a falo inda kunne ke jin abin da ke fita.

Idan kuwa yana da tasa wayar, to kada ta hau kan imel ɗinku, kada kuma a buɗe masa imel da shekarun ƙarya. Wannan shi ne kuskuren da ke rusa duk sauran matakai, domin idan aka rubuta cewa shekarunsa 25, duk kariyar da kamfanoni suka tanada wa yara ba za ta hau kansa ba. Ku sauke Family Link, manhajar Google ta kyauta da ta fito a 2017, a wayarku. Daga ciki ku buɗe wa yaron da bai kai 13 ba asusu da shekarunsa na gaskiya, sannan ku shiga da shi a wayarsa ku bi umarnin haɗawa. Idan ya wuce 13 kuma yana da asusu, ana iya ɗora masa kulawar, amma sai da amincewarsa, don shi zai saka kalmar sirrinsa.

Bayan haɗawa za ku iya amincewa ko ƙin duk manhajar da yake son saukewa, ku saka awannin da wayar za ta yi aiki a rana, ku sa ta kulle kanta da dare, ku ga manhajar da ta fi cin lokacinsa, ku kuma ga inda wayar take. Ku tsara lokacin bisa rayuwar gidanku: lokacin boko, lokacin Islamiyya, tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin barci. Abin da Family Link ba ta yi shi ne nuna muku abin da ake rubutawa a hira. Ku san da wannan don kada ku saki jiki.

A TikTok ƙa'ida ita ce sai an kai shekara 13, kuma akwai "Family Pairing" da ke haɗa asusunku da na yaro ta hanyar ɗaukar hoton wata alama, ya ba ku ikon taƙaita lokaci da saƙonni da bincike. Tun 2023 kamfanin ya sanya iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da 18, sai dai matashi na iya wuce ta da kansa idan ba a haɗa da na iyaye ba. Instagram ma ta fito da asusun matasa a 2024, wanda ke rufe shafin daga baƙi tun daga farko. Duk waɗannan sun dogara ne da shekarun da aka rubuta.

WhatsApp na buƙatar kulawa ta musamman domin ta nan aka fi cutar mu. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu mai lamba 6 a taku da ta yaran, ku duba "Linked devices" ku tabbata babu baƙuwar na'ura, ku saita yadda ba kowa ne zai iya jefa yaro cikin gurup ba. Salon da aka fi amfani da shi shi ne a kira a ce daga gurup ɗin tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na iyayen yara ne, za a yi taro ta intanet, a karanto lambar shiga da aka turo. Lambar ta ƙwace WhatsApp ce. Da zarar an ƙwace, sai a bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya ana neman rance da sunanku.

Maganar da za ku yi da su

Saiti ba ya maye gurbin magana. Yaro mai wayo zai samu hanya, ko ya ari wayar aboki a makaranta. Ni ba na goyon bayan saka manhajar leƙen asiri a ɓoye a wayar matashi. Ranar da ya gano, kuma yawanci yakan gano, zai koma ɓoye komai, ga shi irin waɗannan manhajojin su kansu suna kwashe bayanai zuwa inda ba ku sani ba. Ku gaya masa a fili abin da kuka saka da abin da kuke gani da dalilinku, ku kuma yi alkawarin sassautawa yayin da yake girma.

Ƙananan yara ƙa'ida biyu ta ishe su, a maimaita har ta zauna. Ta farko, duk wanda ya kira ya ce a karanto lamba, amsar ita ce: "Abba ba ya kusa, a sake kira," sai a kashe. Ko da mai kiran ya ce shi Kawu ne ko malamin makaranta. Ta biyu, duk abin da ya nuna alamar naira ko dala, a kawo wa Umma kafin a danna.

Matasa kuma akwai magana mai nauyi da kunya ke hana mu yi, alhali rashin yin ta ya fi cutarwa. Akwai masu buɗe shafi da hoton budurwa ko saurayi, su ja yaro da hira har ya tura hoton tsiraicinsa, daga nan su juya su ce ko ya biya ko su tura wa iyayensa da 'yan ajinsu. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe kimanin asusun Instagram 63,000 a Najeriya masu alaƙa da wannan sana'a. Abin bai tsaya kan 'yan mata ba, samari ma ana farautarsu sosai. Yaron da ya faɗa wannan tarko shi ne zai saci katin mahaifinsa ko ya tura kuɗi daga wayar mahaifiyarsa cikin dare, don yana ganin asirinsa ya fi komai. Saboda haka ku faɗa masa tun kafin abin ya faru, uba ga ɗansa, uwa ga 'yarta, ko Yaya ko Gwaggon da yake sakin jiki da ita: "Ko me ka yi, idan wani ya tsorata ka a waya, ka zo wurina. Za mu fara magance shi kafin mu yi maganar laifi." Kuma idan ya zo, ku cika alkawarin. Kada a biya ko sisi, domin biya ba ya kawo ƙarshen buƙata. A ɗauki hoton hirar da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, a kai rahoto a manhajar, a toshe mutumin. Akwai shafi na kyauta mai suna Take It Down da ke taimaka wa 'yan ƙasa da 18 wajen hana yaɗuwar irin waɗannan hotuna a manyan dandamali, ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Wani abin lura shi ne ɗaya gefen. Idan matashi ya fara shigo da kaya masu tsada da ba ku san tushensu ba, ko wani ya nemi ya "ara" asusun bankinsa a riƙa turo kuɗi ana ba shi kaso, ku tsaya ku bincika. Asusun da kuɗin sata ya bi ta ciki, mai sunan da BVN ɗin ake fara kamawa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana aiki a kan irin wannan.

Idan kuɗi ya riga ya fita

Mintunan farko su ne masu daraja. Ku toshe asusun kafin komai. Bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa ko daga wayar wani: ta Access ita ce *901*911#, ta Zenith kuma *966*911#. Ku nemi ta bankinku yau, ku rubuta ta a takardar nan da kuka fara da ita, ku nuna wa matarku ko mijinku da babban ɗanku. Idan wayar ce aka sace, ku sa kamfanin layi ya rufe layin, sannan ku je ofishinsu da NIN a dawo muku da shi.

Daga nan ku kai ƙorafi banki a rubuce, da ranar da lokacin da adadin kuɗin da lambar cinikin da ke jikin alat, kuma ku karɓi lambar ƙorafi. Idan tiransifa ce aka yi zuwa wani banki, saurin kai rahoto ne ke ba da damar a riƙe kuɗin kafin a kwashe. Idan banki ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar ba, mataki na gaba shi ne sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma za su nemi shaidar cewa kun fara kai wa bankin. Damfara kuwa ana kai rahotonta ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda. Matsalar kaya, kamar an biya ba a kawo ba ko an kawo wani abu daban, ana fara ta ne daga sashen ƙorafi na manhajar, in ta gagara a kai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Idan kuma yaro ne ya yi sayen a cikin wasa, kada ku ce wa banki an yi muku sata, domin bincike zai nuna daga wayarku aka yi. Ku shiga tarihin sayayya na Play Store ku nemi a mayar da kuɗi, ku faɗi gaskiya cewa yaro ne ya saya ba da izini ba. Buƙatar da aka shigar cikin awa 48 ta fi samun karɓuwa, bayan haka yawanci sai an tuntuɓi masu wasan da kansu. Masu iPhone su shiga reportaproblem.apple.com. Ku guji duk wanda ya biyo ku daga baya a Facebook ko WhatsApp yana cewa zai dawo muku da kuɗin idan kun biya kuɗin aiki, domin sau da yawa waɗanda suka cuce ku da farko ne suka dawo da wata rigar.